Nawa ne matsakaicin kuɗin haɗa kwamfutar gem a Kano?

Makon jiya bayan sallar isha'i ƙanina ya shigo ɗakina da waya a hannu, ya ce, "Yaya, dubi wannan. Wai da dala 1,200 ake haɗa matsakaiciya." Wani Ba'amurke ne a YouTube, kwalaye jere a gabansa, yana faɗin kuɗin kamar mai lissafin cefane. Yaron nan shekara ɗaya da rabi ke nan yana tari daga ɗan gyaran waya da yake yi a Farm Centre in ya taso daga makaranta. Ina kallonsa ya buga lissafin a waya, ya yi shiru, jikinsa ya yi sanyi. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna rubuta wannan, don na san ba shi kaɗai ba ne.

In dala tana naira 1,500, dala 1,200 ta zama naira miliyan 1 da dubu 800. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira dubu 70 ne. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi sai ya yi sama da shekara biyu bai ci ba bai sha ba kafin ya haɗa abin da wancan mutumin yake kira matsakaici. Gab da a saki naira ta nemi wa kanta daraja a watan Yunin 2023, ko a kasuwar canji ta Wapa dala ba ta kai 800 ba. Kayan ba su canza ba, kuɗinmu ne ya zube. Don haka duk wanda ya ɗauko ma'aunin Amurka ya ɗora wa yaron Kurna ko na Gyaɗi-Gyaɗi, ya zalunce shi ko da bai yi niyya ba. Kuma wani abin da ba a faɗa a bidiyon: dala 1,200 ɗin nan ta akwatin kwamfutar ce kaɗai. Babu monita a ciki, babu maganar wuta ko kaɗan, domin shi mutumin bai taɓa tunanin za a ɗauke masa wuta yana tsakiyar wasa ba.

Ni a wurina matsakaiciyar kwamfutar gem ita ce wadda za ta buga wasannin da ake yayi a allo mai 1080p, hoto ya fita tas, tana ba ka hoto 60 ko fiye a kowace daƙiƙa ba ta sarƙewa, kuma ta yi maka shekara huɗu ko biyar ba ka sake zuba mata wani babban kuɗi ba. Shi ke nan. Ko a ƙididdigar da Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, ke fitarwa duk wata kan na'urorin masu wasa a duniya, 1080p ne ya fi kowane yawa. Ba abin kunya ba ne. Masu allon 4K, wanda ya fi shi fitar da hoto, ƙalilan ne, sun dai fi kowa yawan magana.

In kuma lamba ake so, ga tawa, kuma na tsaya a kanta: tsakanin naira miliyan 1 zuwa miliyan 1 da rabi, a lissafin dala 1,500, amma da komai da komai. Akwati, monita, kibod da maus, da abin kare ta daga wuta. Abin da bai kai dubu 700 ba ƙaramin kasafi ne, yana da nasa tsarin. Abin da ya haura miliyan 2 ya shiga sahun manya, ko mai shi ya kira shi da wane suna. In dala ta motsa, lambar ta motsa, don haka a riƙa tuna ta a matsayin dala 700 zuwa 1,000.

Mafi tsoka a cikin kuɗin akwatin katin girafik ne ya kamata ya cinye, kamar kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari. Shi ne ke zana duk abin da ido ke gani. A wannan mataki sunayen ba su da yawa: RX 6600 na AMD mai giga 8, wanda ya fito a 2021, RTX 3060 na Nvidia mai giga 12, shi ma 2021, a kan dala 329, sai RTX 4060 da ya fito a 2023 a kan dala 299, mai giga 8. Mutane suna ganin 4060 ya fi 3060 lamba sai su ɗauka ya fi shi a komai. Ya fi shi sauri, gaskiya ne, kuma ya fi shi tsimin wuta nesa ba kusa ba, wat 115 yake ja inda 3060 ke jan 170. Amma 3060 ya fi shi wurin ajiyar hoto, kuma wanda zai haɗa da aikin tace bidiyo zai ji daɗin giga 12 ɗin nan. Da ni ne, a garin da kowane wat sai an biya shi da gumi, 4060 ko RX 6600 mai wat 132 zan ɗauka.

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ba sai an wahalar da kai ba. Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400F, kowanne ya isa ya ciyar da waɗancan katunan ba su jira shi ba. Ryzen ɗin yana hawa madabod, wato faifan da ake jona duk kayan a kansa, irin B450 ko B550, waɗanda sun daɗe a kasuwa kuma suna aiki da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kai, na DDR4 mai sauƙin kuɗi. RAM giga 16, amma a sayi guda biyu masu giga 8-8, kada a sayi ɗaya mai 16, domin in suna biyu hanya biyu suke buɗewa, aikin ya fi gudu. Tun ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe shi, to wanda ya samu giga 16 ya gode wa Allah, 32 ta jira. SSD, wato ma'ajiyar wasanni da fayiloli, mai tera 1 (giga 1,000), don wasa ɗaya yanzu yana iya cin sama da giga 100.

Inda nake so in daɗe shi ne wuta, domin nan ne na sha wuya da kaina.

Kwamfutata ta farko da na haɗa, duk kuɗin na juye a kan kati. Da aka zo kan fawa-fak, wato akwatin da ke karɓar wutar bango ya rarraba wa kayan ciki, saura kaɗan ya rage a aljihuna. Mai shagon ya miƙo mini wani mara nauyi, an manna masa takarda mai cewa wat 650, ya ce, "Malam, wannan zai ɗauke ta har da saura." Na karɓa. Wata na biyar, wata ranar Asabar da rana aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi. Na ji ƙara ɗas, sai warin ƙonannen roba ya cika ɗakin. Fawa-fak ɗin ya tafi, ya tafi da madabod. Na daɗe zaune a bakin katifa ina kallon akwatin, don kuɗin wata da watanni ne ya ƙone a gabana cikin ƙiftawar ido. Da na buɗe fawa-fak ɗin daga baya, rabin cikinsa fili ne. Tun ranar nake ɗaga shi a hannu kafin in saya: mai kyau yana da nauyi. A nemi na kamfanin da aka sani, irin Corsair ko Seasonic ko Cooler Master, mai shaidar 80 Plus Bronze, wat 550 zuwa 650. Siyan na gari mayar da kuɗi gida, kuma a nan maganar ta fi ko'ina zama daidai.

Shi kaɗai ma bai isa ba. Dole a sa UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, tsakanin bango da kwamfuta, in kuma unguwarku wutar tana hawa tana sauka, a ƙara da sitabilaiza. Ƙaramin UPS ɗin nan mai 650VA da ake sa wa kwamfutar ofis, abin da yake iya ɗauka bai kai wat 400 ba, kuma batirinsa na 'yan mintuna ne. Kwamfuta irin wadda na lissafa, da monitarta, tana jan wat 250 zuwa 300 in wasa ya yi zafi, to gara a nemi mai 1,000VA ko sama. Aikinsa ba ya wuce ya ba ka damar adana abin da kake yi ka kashe ta lafiya, ko ya riƙe ta kafin janareta ya tashi. Mai sola da inbata a gida ya huta da rabin wannan, da sharaɗin inbatar mai fitar da tsaftatacciyar wuta ce. Duk wannan yana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na kasafin, kuma ni ban yarda a kira shi ƙari ba. Cikin kuɗin kwamfutar yake.

Wannan ne ma ya sa nake ganin babban kati a Kano wahala ce biyu. RTX 4090 ya fito a 2022 a kan dala 1,599, kuma shi kaɗai yana jan wat 450. Ƙaramin janareta ba zai ɗauki kwamfutar da yake ciki ba. Tun Afrilun 2024 da aka kai wutar rukunin Band A sama da naira 200 kowane yunit, mai mita ya san abin da kowace awa take ci. Ga zafi. A watan Afrilu garin nan yana haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ya fi haka, kuma duk wat ɗin da kati ya ja zafi yake zama ya dawo cikin ɗakin. Katin da ya yi zafi da yawa da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, ka ga ka biya kuɗin doki kana tafiyar jaki. Akwati mai raga a gaba da fanka biyu ko uku ya fi mai gilashi ta ko'ina da fitilu masu canza launi. Fitilun nan ba sa ƙara ko hoto ɗaya. In hunturu ya shigo kuma, ƙura tana toshe ragar cikin 'yan makonni, sai an riƙa buɗewa ana hurewa da bulowa.

Sai maganar na hannu, wanda 'yan kasuwa ke kira Landan-yus. Ba na ƙinsa, shi ne ma ya sa wannan kasafin yake yiwuwa ga yawancinmu. Furosesa na hannu da wuya ya ba da matsala, haka RAM, haka akwati. Kati ne ke buƙatar ido. A watan Satumban 2022 Ethereum, wani kuɗin intanet, ya daina amfani da haƙar kuɗin da ake yi da katunan girafik, sai katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka malalo kasuwannin duniya, har da namu. Wasu lafiyarsu ƙalau, wasu fankarsu ta gaji. Akwai kuma RX 580 da ake rubuta wa 2048SP, wanda ƙarfinsa na RX 570 ne, sunan ne kawai babba. Ko a Beirut Road za ka saya, ko daga Computer Village ta Ikeja za a aiko maka, kada ka biya sai an kunna shi ya yi wasa mai nauyi na rabin awa, kana kallon zafinsa, kana sauraron fankarsa, kana duba ko hoto yana fitar da ɗigo-ɗigo ko layuka. In mai kaya ya ƙi a gwada, ka yi masa sallama cikin mutunci ka wuce. Abu biyu ne ba na saye na hannu ko an rage mini rabi: fawa-fak da SSD.

Tsofaffin kwamfutocin ofis na Dell da HP da ake cusa wa ƙaramin kati irin GTX 1650 suna da amfaninsu, za su buga GTA V da eFootball, kuma yara da yawa da su suka fara. Sai dai da yawansu fawa-fak ɗinsu da wayoyinsu na kamfanin ne kaɗai, ranar da ka so ƙara ƙarfi sai ka tarar ƙofa a rufe. Wannan ƙaramin kasafi ne, kada a sayar wa yaro da shi da sunan matsakaici.

Akwai tambayar da na yi wa ƙanina kafin komai: "Ƙwallo kawai za ka buga?" Domin in ƙwallo ce kawai da abokai, PlayStation ta fi sauƙi, ka jona da talabijin ka zauna, PS5 ma a kan dala 499 ta fito a 2020. Kwamfuta tana cin kuɗinta ne in bayan wasa za ta yi aiki: tace bidiyon biki, zanen fosta, koyon rubuta manhaja, aikin makaranta. Ya ce yana so ya koyi tace bidiyo, akwai mai ɗaukar hoton biki a layinmu da ya ce zai riƙa ba shi aiki in ya iya. Wannan amsar ce ta sa na canza shawara, na ce masa ya nemi 3060 mai giga 12 ko da zai ɗan fi jan wuta.

Kuma iyaye da yayye, don Allah mu daina yi wa yaran nan kallon masu ɓarnar kuɗi tun kafin mu ji me suke so. Yaron da ya yi wata goma sha takwas yana hana kansa sayen sabuwar waya don ya haɗa na'ura da hannunsa, yana karanta bambancin wannan kati da wancan, ya cancanci a zauna da shi a duba lissafin. A ja masa kunne kan lokacin salla da karatu, wannan haƙƙinmu ne. Amma in muka bar shi shi kaɗai, wanda zai ba shi shawara shi ne mai son sayar masa da fawa-fak mara nauyi.

Mun zauna daren nan da biro da takarda har wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Abin da ya tara ya ɗan haura dubu 900. Muka raba: Ryzen 5 5600 da madabod da kati na hannu, RAM in an samu mai kyau na hannu, fawa-fak da SSD da UPS sababbi a kwali. Kuɗin monita bai fito ba, sai na ce ya ɗauki tsohuwar tawa mai inci 22 ya fara da ita, in aikin bidiyon ya fara kawo wani abu ya sayi mai 144Hz, wadda ke sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa. Ya so akwati mai fitilu, na ce a'a, ya ɗan ɓata rai, daga baya ya ce, "To Yaya, ko fanka ɗaya mai haske." Na ce wannan mu gani in canji ya rage. Ranar Asabar in Allah ya kai mu za mu shiga kasuwa tare, na riga na ce masa ya zo da filas ɗinsa mai wasan da za mu gwada katin da shi.