Yadda Na Zama Kolonel a Unguwarmu

A unguwarmu ni ake kai wa takarda idan ta zo da Turanci. Wasiƙar banki, takardar asibiti, har saƙon 'yan damfara, duk ta hannuna suke bi. Sai dai Turancin nawa na ido ne. A littafi na tsince shi, kunnena bai taɓa zama da Bature ba. Ban san haka aibi ba ne sai ranar raba kyaututtuka a makarantar 'yata, da aka ce ni zan gabatar da manyan baƙi.

Na sha farar shadda, na kafa hula, aka miƙo min lasifika da takarda. Layin farko an rubuta Lieutenant Colonel. Na gyara murya, na bai wa kowane harafi haƙƙinsa kamar mai rabon gado: "Babban baƙonmu, Liyutenanti Kolonel mai ritaya!"

Wuri ya yi tsit. Babban baƙon ya waiga baya, yana neman wanda ake kira. Sai Baba mai gadi, wanda ko bihim bai sani ba a boko, ya ɗago daga bakin ƙofa ya ce, "Malam, Laftanar Kanar ake cewa." Yara suka fashe da dariya, iyayensu suna ta sunne kai.

Ku duba min fa. C-o-l-o-n-e-l. Ina Kanar a nan? O biyu, L biyu, duk an zaunar da su a benci ba a saka su wasa ba.

Na daure na ci gaba. Layi na biyu ya ce baƙon ya yi kwas a Leicester. Na ce "Leyisesta". A nan matasan gidan kallon ƙwallo suka karɓe ni, domin tun 2016 da ƙungiyar garin ta ɗauki kofin Firimiya, Ahmed Musa kuma ya koma can a shekarar, ko mai sayar da rake ya san Lesta. Ni kaina na san Lesta. Ban dai taɓa sanin ita ce wannan mai tulin haruffan ba.

To, sai na ce a raina na gano lagon Bature: ka taɓa farkon kalma, ka haɗiye tsakiya, ka dira a ƙarshe. Da na iso inda aka ce ɗansa likita ne a Manchester, na ɗaga kai da ƙarfin gwiwa na ce, "Mansta!"

Kanar ɗin sai da ya cire tabarau ya share hawaye.

Na zaci an gama. Ana watsewa ma'aji ya tambaye ni kuɗin hayar rumfa, na ce masa ga "risift" nan a aljihuna. Ni dai na ga P a cikin receipt, kuma kun san tsakanin Bahaushe da P sai dai F ta shiga sulhu. Ya ce, "Rasit kake nufi?" Wato harafin da na yi ta fama da shi tun firamare, a wurin da aka yafe min shi ma sai da na je na taro shi.

Daren nan ban yi barci ba, na shiga binciken wanda ya yi min wannan aika-aika. Ashe colonel asalinta ta Italiya ce, ta ratsa ta Faransa ta koma coronel, a haka Ingilishi suka are ta. Daga baya masana suka mayar da rubutun irin na Italiya, baki kuwa ya ƙi bin alƙalami. P ɗin receipt da B ɗin debt su ma masana ne suka cusa su, wai don a tuna asalinsu na Latin. Haruffa ne 'yan rakiya, a biya musu tawada, su zauna su yi shiru. Ga shi William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Ingila a 1476, daidai lokacin da lafazin wasulan Turanci ke sauyawa, rubutu ya daskare, baki ya yi gaba abinsa. Haruffa 26 ke ɗauke da sautuka kusan 44. Wannan lodi ko motar kasuwar ƙauye albarka.

Da safe na zayyana wa uwargida duk wannan, don ta san laifin ba nawa ba ne. Ta saurara har ƙarshe, ta ɗauki biro ta rubuta "gari" a bayan kwalin ashana, ta ce in karanta. Na tambaye ta na tuwo ko wanda ake zama a ciki. Ta ce ai ni ne masani, in gane da kaina.

Ina cikin lalubo amsa 'yata ta zo da aikin gida: though, through, tough, cough. Wutsiya iri ɗaya, kowace da kukanta. Na dube su, suka dube ni. Na ce ta kai wa Baba mai gadi.

Har yau idan na fito, yaran layi sai su ƙame su sara min: "Ranka ya daɗe, Kolonel! Yaushe za a koma Mansta?"