Canza kamfanin wuta ba ya sauke farashin gas

Wajen ƙarshen 2021 ƙanwata da ke aikin jinya a Manchester ta kira ni da daddare. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Yaya, kamfanin wutarmu ya karye." Ni da na tashi a hannun NEPA, abin da ya fara zuwa bakina shi ne, "To yanzu a duhu kuke?" Ta yi dariya har da ƙwarewa, sannan ta juyo min da kyamarar wayarta. Fitilar kicin a kunne, firji na ƙugi, butar shayi na tafasa. Saƙo kawai aka turo mata cewa kamfanin ya daina aiki, kada ta ta da hankalinta, ta ɗauki hoton mita ta jira, hukuma za ta miƙa ta ga wani kamfanin.

Kamfani ya mutu, fitila ko ƙiftawa ba ta yi ba. To dama aikin me yake yi?

Dillanci yake yi. A Birtaniya mai samar da wutar daban, mai turaku da wayoyin da ke kai ta gida daban, mai turo maka bil shi ma daban. Na ƙarshen nan ne kawai magidanci ke iya canzawa. Ɗan kiri ne, ya saro wuta da iskar gas a babbar kasuwa ya sayar wa gidaje. Idan ka bar shi ka koma wani, babu mai zuwa da tsani ya taɓa maka waya. Mitarka tana nan, wutar da ke shigowa ita ce dai ta jiya, sunan da ke saman takarda ne ya sauya, sai kuma ɗan abin da dillali ya ɗora na ribarsa da ɗawainiyarsa.

Gwamnatin Margaret Thatcher ce ta tsattsaga harkar wutar ƙasar a 1990, aka shiga sayar wa 'yan kasuwa, kuma zuwa 1999 kowane gida a Ingila da Scotland da Wales ya samu damar zaɓar wanda zai sayar masa. Hikimar ita ce kamfanoni za su yi ta rige-rigen rage farashi don kada kwastoma ya gudu. Sai dai akasarin mutane ba su gudu ko'ina ba. Manyan kamfanoni shida, British Gas da EDF da E.ON da npower da Scottish Power da SSE, suka gane haka, suka riƙa yi wa baƙo araha, suna tatsar na gida. A 2016 hukumar kula da gasa a kasuwannin ƙasar ta gano cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na kwastomomin waɗannan kamfanoni suna kan farashin gama-gari, wanda ya fi tsada, kuma jama'a na biyan rarar da ta kai fam biliyan 1.4 a shekara. Wato a wannan kasuwa riƙon amana tara ake ci a kansa. Maƙwabcin ƙanwata, wani dattijo Bature da matarsa ta rasu, yana cikin waɗannan. Tun yana saurayi kamfani ɗaya ya sani, kuma har yau takarda yake so a jefo masa ta ƙofa, ba ruwansa da imel.

Maganin da 'yan siyasa suka yi ta bayarwa shekara da shekaru bai wuce kalma biyu ba: ku canza. Shafukan kwatanta farashi suka cika intanet, suna karɓar la'ada kan kowane mutum da suka tura. Hukumar Ofgem, mai sa ido kan harkar, ta wangale ƙofa, yawan kamfanonin ya tashi daga 12 a 2010 zuwa 70 a 2018. Daga baya gwamnatin Theresa May ta yarda cewa wa'azi kaɗai ba zai wadatar ba, aka kafa iyakar farashi a watan Janairun 2019 domin kare waɗanda ba sa motsawa.

Ƙanwata tana cikin masu jin wa'azin. Duk shekara sai ta zauna da kwamfuta ta nemo mafi araha, kuma ta ci riba, ban musa ba. Abin da shafin bai taɓa nuna mata ba shi ne yadda aka yi arahar ta samu.

Ka ɗauka wata mai abinci ce ta yi wa ma'aikata alkawarin kwanon tuwo a farashi ɗaya har shekara ta zagayo, tana karɓar kuɗinsu tun farkon wata. Mai hankali za ta shiga Dawanau da kaka ta sayi masarar shekara ta jibge, ko da hakan zai sa kwanonta ya ɗan ɗara na wasu. Wadda ke son kwashe kwastomomi kuwa sai ta karya farashi, ta riƙa awon kullum da kuɗin da aka ba ta ajiya, tana addu'ar kada kasuwa ta tashi. Muddin hatsi na araha ita ce gwana, har a riƙa yi wa ta farkon kallon mai zalama. Ranar da buhu ya ninka, sai dai a wayi gari a ga shago a garƙame. Da yawa daga cikin ƙananan kamfanonin nan haka suka yi ciniki, ba jarin kirki, ba sayen gaba, da kuɗin da jama'a ke tarawa da rani don kashewa da hunturu.

Da duniya ta fito daga kullen korona a 2021, farashin gas ya yi tashin gwauron zabi. Iyakar da Ofgem ta gindaya ta hana kamfanoni ɗora duk ƙarin a kan gidaje nan take, sai suka koma sayen tsada suna sayar da araha. Tsakanin Yulin 2021 da Mayun 2022 kamfanoni 29 suka durƙushe, abin da ya shafi gidaje kusan miliyan 4. Bulb, mai kwastomomi sama da miliyan ɗaya da rabi, ya fi ƙarfin a miƙa wa wani kai tsaye, dole gwamnati ta riƙe shi daga Nuwamban 2021 har Octopus ya karɓa a ƙarshen 2022. Sauran 28 ɗin kuwa, ofishin binciken kuɗin gwamnati ya ruwaito ƙiyasin Ofgem cewa kwashe ɓarnarsu zai ci fam biliyan 2.7, kimanin fam 94 a kan kowane gida. A lura da kyau, kowane gida, har da wanda bai taɓa cin arahar ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Daga nan al'amari ya juye. Farashin gama-garin da aka shekara 20 ana cewa na ragwaye ne ya zama mafi sauƙi a kasuwa, saboda shi kaɗai doka ta ɗaure. Shafukan kwatance suka zama fanko. Martin Lewis, mutumin da ya yi suna wajen koya wa Turawan Birtaniya tsimi da canza kamfani, ya koma shaida wa akasarin masu sauraronsa su zauna inda suke. Iyakar kanta ba ta tsaya ba. Ga gida mai matsakaicin amfani da wuta da gas, fam 1,277 ce a shekara a Oktoban 2021. Zuwa Afrilun 2022 ta koma 1,971, ƙarin kashi 54 cikin 100. Bayan Rasha ta afka wa Yukiren gas ya ƙara haukacewa, Ofgem ta sanar da 3,549 daga Oktoba, sannan 4,279 daga Janairun 2023. Ba a bari mutane sun biya waɗannan na ƙarshe ba, domin gwamnatin Liz Truss ta tsayar da abin a 2,500, baitulmali ya cike giɓin, ga kuma rangwamen fam 400 da aka ba kowane gida.

Wannan shi ne abin da nake so masu ɗokin gasa su tsaya su kalla. A ranar da tsadar ta zo da gaske, dokar farashi da aljihun gwamnati ne suka tare ta. 'Yancin canza kamfani ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne, abin ya fi ƙarfinsa, domin a kasuwar sari ta Birtaniya tashar ƙarshe da aka buƙaci kunnawa don wuta ta ishi kowa ita ke yanke farashi, kuma galibi mai aiki da gas ce. Ko kamfaninka ya rantse maka cewa da iska da hasken rana yake ciniki, gas na tashi bil ɗinka zai bi shi. Dillalai 70 da ke saro kaya a rumfa ɗaya ba su da yadda za su yi da mai rumfar.

Sannan akwai tambayar wa ke iya canzawar. Wanda ake bi bashin da ya wuce kwana 28, kamfani na da ikon hana shi tafiya. Ɗan haya da maigida ya haɗa masa kuɗin wuta cikin kuɗin ɗaki ba shi da ta cewa. Tsofaffi da marasa intanet da baƙin da Turanci bai zauna musu ba sukan ga abin kamar shiga daji. Masu mitar kati, waɗanda yawanci su ne marasa ƙarfi, sun daɗe suna biyan fiye da masu biya ta banki, sai a Yulin 2023 gwamnati ta daidaita. A Fabrairun 2023 jaridar The Times ta bankaɗo yadda masu karɓar bashi da ke yi wa British Gas aiki suke shiga gidajen masu rauni da takardar kotu suna kafa musu mitar kati dole, har kamfanin ya nemi afuwa aka dakatar da yin hakan a duk ƙasar. Uwar da katinta ya ƙare cikin sanyin Janairu, ta rasa abin ɗumama ɗakin yara, ka ce mata ta shiga intanet ta kwatanta farashi, ai ba'a ce.

Kada a ce na kushe gasa gaba ɗaya. Tana da ranarta. Octopus da aka kafa a 2015 ya kai ga shan gaban British Gas a yawan gidaje cikin shekara 10, kuma tsoron irin wannan ne ke sa tsohon kamfani ya fara ɗaga waya idan an kira. Sababbin tsare-tsaren da ke rage farashi da tsakar dare, lokacin da buƙata ta yi ƙasa, daga gasa suka fito. Da kasuwa ta lafa, kwantiragin farashi tsayayye ya dawo, kuma wanda ke can ya ga wanda ya yi ƙasa da iyakar Ofgem, ya ɗauka. Amma ya duba lambobi biyu, kuɗin yunit da kuɗin da ake cira kullum ko ya kunna ko bai kunna ba, wanda a 2024 ya haura fam 300 a shekara idan an haɗa wuta da gas. Masu dogon tunani za su tuna da irinsa da aka soke a Najeriya a 2016. Adadin da kamfani ya ce za ka riƙa biya duk wata kintace ne kawai, ana iya rage shi a talla a ƙara maka daga baya. Doka ta ba da kwana 14 na fasa ciniki, canjin kansa kwana 5 na aiki yake ɗauka, kuma idan saura kwana 49 ko ƙasa da haka kwantiragi ya ƙare babu tarar fita. Abin da za a samu ragi ne na gefe-gefe, kamar ka taya atamfa a rage maka kuɗin mota.

Abin da ya sa na ga labarin ya shafe mu shi ne maganar da nake ji a majalisar hira duk lokacin da aka ɗauke wuta: da ma ana canza kamfanin wuta kamar yadda ake canza layin waya. Tun da aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta 11 ga 'yan kasuwa a Nuwamban 2013, mutumin Kano da Katsina da Jigawa KEDCO ne nasa, na Sakkwato da Zamfara na Kaduna ne, ba zaɓi. Da aka ɗaga farashin rukunin Band A zuwa naira 225 kan yunit a Afrilun 2024, canjin da masu hali suka iya yi shi ne komawa sola. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwarsu, Inugu da Legas sun riga sun karɓi ragamar tasu, don haka wata rana za a zo mana da tallar gasa. Ina maraba da ita. Sai dai mu wutar ce ba ta isa ba, kuma mafi yawan 'yar wadda ake samu daga gas take, saura daga madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Dillali goma a kan taransifoma ɗaya da ta ƙone duhu ɗaya za su raba. Jihar da za ta ba da lasisi ta fara tambayar jarin mai nema, ta kuma faɗa mana a rubuce inda kuɗin katin da mutane suka riga suka saya zai kwana ranar da kamfani ya karye. Ita Ofgem sai da ɓarna ta auku sannan ta tsaurara sharaɗin jari.

Ƙanwata ta tara 'yan kuɗi a wurin tsohon kamfaninta kafin ya rufe, na rani da take ajiyewa don hunturu. Ta yi watanni tana bibiya, tana tura hoton mitar nan da ta ɗauka a daren da ta kira ni, daga ƙarshe aka zuba mata su cif a asusun sabon kamfanin. Da ta faɗa min tana murna na tambaye ta daga ina aka samo kuɗin, tunda mai su ya tsiyace. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Wallahi Yaya, ina jin har da na tsohon nan na kusa da mu."