Karen Azawak ba yunwa yake ji ba, haka Allah ya halicce shi

Tun shekaranjiya da hoton karen maƙwabcina ya fara yawo nake karanta abin da ake rubutawa, raina yana ɓaci. An kira bawan Allahn nan azzalumi, an ce ya bar dabba da yunwa har haƙarƙarinta ya fito, wani ma ya ba shi shawarar ya rabu da shi ya sayi karen Turai irin Alsashiyan. Duk waɗanda suka yanke wannan hukunci ba su san irin karen da suke kallo ba. Wannan karen Azawak ne, kuma ramarsa halitta ce.

Sunansa ya samo asali ne daga kwarin Azawak, wanda ya ratsa arewacin jihar Tawa a Nijar, wajen Abalak da Cintabaradan, ya shiga ƙasar Mali. Buzaye ne suka yi kiwonsa tun kaka da kakanni, suna farautar zomo da barewa da shi, yana kuma gadin tanti da dabbobi. Namijin yakan kai sentimita 64 zuwa 74 a tsayi, amma nauyinsa bai cika wuce kilo 25 ba. Dogayen ƙafafu ne da shi, da ƙirji mai zurfi, da ciki a ɗame, da fata siririya mai gajeren gashi wadda ake ganin tashin tsoka da ƙashi a ƙarƙashinta. Wanda zai kamo barewa a fili cikin zafin rana ba ya buƙatar kitse. Idan ka ɗura masa abinci har haƙarƙarin ya ɓace, to ka ɗora wa siraran ƙafafun nan nauyin da ba a yi su dominsa ba, ka cuce shi kana ganin gata ka yi masa.

Ni na san karen nan tun yana ɗan kwikwiyo. Kullum da yamma nakan tarar da shi kwance a gefen tabarmar mai gidansa, ya miƙe ƙafafun gaba, kansa a sama, yana bin kowa da ido. Baƙo ya yi sallama, ba zai taso yana kaɗa wutsiya ba, ba kuma zai kai cizo ba. Sai ya ja da baya ya tsaya yana kallo har sai ya ga mai gida ya saki jiki. Ni kaina sai da na yi watanni ina shiga gidan kafin ya yarda na shafa kansa. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin tsoro irin na karen da ake duka, alhali kuwa kamewa ce ta kare mai gida ɗaya, wanda ba ya raba zuciyarsa ga kowa. Tuwonsa da nononsa kuwa ban taɓa ganin an fasa ba shi ba.

Masu cewa ajiye kare ma bai dace ba, wannan wata magana ce daban, kuma malamai sun daɗe da bayyana halaccin karen farauta da na kiwo da na gona. Masu cewa karen Turai ya fi kyau, ina tuna musu cewa Turawan ne suka zo Sahel a shekarun 1970 suka ɗebi wannan kare zuwa Yugoslabiya da Faransa, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin jerin nau'o'in da ta amince da su. A ƙa'idar da suka rubuta, ganin ƙashi ta cikin fata yana cikin siffofinsa na asali. Mu da yake namu ne muke kiran siffarsa yunwa.

In akwai abin da zan yi wa maƙwabcina magana a kai, to sanyi ne. Karen nan ba ya jure hunturu, ba ya son ruwan sama. A Janairun da ya wuce na gan shi da asuba yana rawar ɗari a bakin zaure, na ce a shimfiɗa masa buhu a lungun da iska ba ta kaiwa, kuma bana ma zan sake tuna masa tun kafin iskar ta juyo.