Sunan da aka manta a bayan takin zamani

Duk lokacin da aka tayar da zancen wane masanin kimiyya ne ya fi tasiri, sai ka ga an ɗauko lissafi: takardu nawa ya wallafa, sau nawa aka ambaci aikinsa, lambobin yabo nawa ya tara. Ni dai wannan ma'auni bai taɓa kwanta mini a rai ba, kuma dalilina wani Bajamushe ne mai suna Alwin Mittasch. Na san da yawanku yau ne kuka fara jin sunan.

Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma tsiro ba ya iya cin moriyarsa kai tsaye, domin ƙwayoyinsa a ɗaure suke biyu-biyu, ɗaurin da ba ya kwantuwa cikin sauƙi. Sai an kwance shi an haɗa da haidirojin sannan a samu amoniya, wadda ita ce uwar takin zamani. Mai wannan kwancewa shi ake kira katalis, wato abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba. Tamkar dillali yake: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, ya juya ga na gaba, ko la'ada ba ya karɓa.

A 1909 masanin sinadarai Fritz Haber ya nuna a garin Karlsruhe na Jamus cewa ana iya yin amoniya daga iska. To amma dillalin da ya yi amfani da shi osmiyam ne, ƙarfe mai ɗan karen tsada wanda samunsa ma aiki ne. Ya gwada yuraniyam, shi kuma da ya ji danshi ko iska sai ya lalace. Da kamfanin sinadarai na BASF ya karɓi aikin, Carl Bosch ya ɗauki nauyin ƙera tukwanen da za su jure matsi kusan ninki 200 na iska da zafi wajen digiri 500. Neman katalis mai araha kuwa, Mittasch aka ɗora wa.

Nan fa aikin haƙuri ya fara. Ya jera ƙananan na'urorin gwaji, shi da mataimakansa suna zuba wannan haɗi, su kwashe, su zuba wancan. Zuwa 1912 sun gwada haɗi kusan 2,500 a gwaje-gwaje kimanin 6,500. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya lura da wani dutsen tama da aka kawo daga Suwidin. Zallan baƙin ƙarfe yakan fara aiki ya mace da wuri, amma wannan mai ƙazanta a jiki ya dage. Wani da sai ya ce an dace, ya wuce. Shi sai ya tsaya bin diddigin ƙazantar, har ya gano cewa ɗan alumina (sinadarin da ake samun alminiyam daga gare shi) na hana ƙwayoyin ƙarfen dunƙulewa idan zafi ya yi yawa, ɗan potasiyam na ƙara masa kuzari, farar wuta kuma guba ce gare shi. A 1913 masana'antar BASF da ke Oppau a Jamus ta fara fitar da amoniya.

Haber ya samu lambar yabo ta Nobel ta 1918, Bosch ya samu a 1931, tsarin ma sunansu yake ɗauke da shi, wato Haber-Bosch. Mittasch ya mutu a 1953 bai samu ba. (Haber ɗin nan kuwa shi ne ya jagoranci watsa iskar kulorin mai guba a fagen daga na Ypres da ke Beljiyam a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma amoniyar Oppau ta taimaki Jamus wajen haɗa abubuwan fashewa a yaƙin. Duk wanda zai auna tasiri, ya ɗora wannan ma a kan sikeli.)

Kada wani ya ɗauka ina raina masu zurfafa nazari ne. Masanin sinadarai Gerhard Ertl ya cancanci Nobel ɗinsa ta 2007, domin shi ya fayyace dalla-dalla abin da ke faruwa a fuskar ƙarfen, ya nuna cewa rabuwar ƙwayoyin naitirojin ita ce matakin da ya fi jan ƙafa. Sai dai ku duba tazarar: katalis ɗin ya shafe fiye da shekara sittin yana aiki a masana'antu kafin a fahimci sirrinsa sosai. Da za a auna Mittasch da ma'aunin yau, mutumin da mafi yawan aikinsa ya tafi a cikin kamfani da takardun mallakar fasaha, anya zai kai ko'ina?

Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya abincinsu ya dogara ne da takin da ake samu ta wannan hanya. Tsarin yana laƙume kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin duniya, shi ya sa har gobe ake neman katalis da zai yi aikin da ƙarancin zafi da matsi. A shekarun 1990 an fito da katalis na wani ƙarfe mai suna ruteniyam, wanda ya fi kuzari, wasu masana'antu suka karɓe shi. Mafi yawansu kuwa har yanzu baƙin ƙarfe da alumina da potasiyam suke zubawa a tukwanensu.