Ina manomin yake a zancen gonarsa?

Wannan taron da aka yi a otal kan sauyin yanayi ya ɓata mini rai, wallahi. An haska taswirar Sakkwato a bango, kwamfuta ta lissafa yadda gero da dawa za su kasance nan da shekarar 2050, aka ce an ji ta bakin masu ruwa da tsaki. Su wa? Ɗaki cike da daraktoci, babu mutum ɗaya mai kanta a tafin hannu.

Ban raina ilimin ba. Ana zuba wa na'ura bayanan ruwan sama, da zafi, da irin ƙasa, da irin shuka, ta fitar da hasashen amfani. NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ita ma tana fitar da hasashen damina kowace shekara, kuma yana taimakawa. Amma abin da ba a zuba mata ba fa? Na'ura ba ta san manomin Gada yana binne iri tun kafin ruwan fari ba, in ruwa ya ɗauke bayan tsiro ya sake shuka da irin da ya ranto. Ba ta san gonakin da aka bari a Isa da Sabon Birni saboda 'yan bindiga ba. Ba ta san dalilin da manomi ke barin gawo a tsakiyar gona ba: yana kaɗe ganye da damina, gero ya samu rana da taki. Manomi kaɗai zai faɗa maka. Sai an zauna da shi tun farko, kafin a taɓa kwamfuta.

Wani zai ce manomi bai yi boko ba. To, a yi zancen da Hausa mana. Wani ya ce an gayyaci shugaban ƙungiyar manoma. Yaushe rabonsa da fartanya?

Mutanen fadamar Rima sun ga ambaliyar 2010 da idonsu, lokacin da ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka a yankin Goronyo, ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Sun san inda ruwa ya bi, sun san inda ya tsaya. A je ƙofar mai gari a tambaye su, a tambayi matan da ke neman itace da makiyayan da burtali ya ƙuntace musu.

Sannan ga wani abin da sai an tambayi mutane: maganar gawayi. Wa ke ƙirga buhunan da ake shigowa da su gari kullum? Kuɗin gas ya fi ƙarfin talaka, mai tuwo-tuwo a unguwarmu ta koma itace, kuma ba zan ga laifinta ba.