Nasiha ga matasan ma'aikata masu farautar alawus

Ƙannena maza da mata da Allah ya ba ku aikin gwamnati ko na ƙungiyoyin raya ƙasa a 'yan shekarun nan, da ku da har yanzu kuke yawo da takardunku a ambulan kuna nema, ina da magana da ku, kuma ina roƙon ku yi haƙuri da zafinta.

A makon jiya na halarci wani taron bita da aka shirya wa ƙananan jami'an tsare-tsare da na kuɗi a wani otal, a kan yadda ake tsara kasafin kiwon lafiya a matakin farko, kuma abin da idona ya gani ya hana ni sukuni. An sa taro ƙarfe tara, amma sai wajen sha ɗaya zauren ya fara cika, kuma duk wanda ya shigo, kafin ya nemi kujera, tambayarsa ita ce ina takardar halarta take. Wani matashi da ke gefena, sanye da shadda da ta sha guga, ya zaro biro biyu, shuɗi da baƙi, ya rubuta sunansa da lambar asusunsa na banki, sannan ya karkata hannu ya ƙara sunayen abokansa da ba su zo ba, yana sauya biro don kada rubutun ya yi kama. Bai ɓoye ba, domin a ganinsa zumunci yake yi. Bayan abincin rana mai gabatarwa ya tambayi 'yan tsirarun da suka rage bambancin kuɗin da aka ware a kasafi, da kuɗin da aka saki, da kuɗin da aka kashe, sai kowa ya sunkuyar da kai ga wayarsa. Amma ranar rufewa, da aka sanar cewa kuɗin mota sai an koma ofis za a tura ta banki, mutanen da tun farkon taron ba wanda ya ji muryarsu suka miƙe suna kawo hujja bayan hujja, har da mai tunatar da mu hukuncin tauye haƙƙin ma'aikaci.

Wannan tambaya da ta gagare ku ita ce gundarin aikin da aka ɗauke ku ku yi. A shekarar 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, kuma a yau gwamna yana iya rubuta wannan adadi a takarda, a tafa masa a majalisa, shekara ta ƙare ba a saki ko rabinsa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko, amma kuɗin ba ya ci gaba da isa asibitin ƙauye sai an rubuta tsarin aiki, an kashe bisa ƙa'ida, an dawo da lissafi da rasit. Haka abin yake a ilimi: dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi na tarayya, shi ya sa ake yawan jin biliyoyin naira suna jibge a Abuja ba a ɗauka ba, alhali yara suna zaune a ƙasa. Wa zai bi diddigin waɗannan takardu, ya rubuta wa kwamishina bayani mai shafi ɗaya da zai sa shi ya motsa? Ku ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa 'yan Najeriya miliyan 133 suna cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma kashi 65 cikin ɗari na wannan adadi a Arewa suke. Da sunan waɗannan mutane aka kama otal ɗin, da sunansu aka dafa shinkafar da kuka ci, kuma da sunansu ake biyan alawus ɗin da kuke ɗaga murya a kansa.

Na san halin da ake ciki, kuma ban zo don in yi muku gorin talauci ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, albashi ya zama abin da ba ya kai mutum tsakiyar wata, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 da ƙyar yake sayen buhun shinkafa ɗaya a lokacin. Wanda ya baro garinsu ya zauna aka koya masa abu, kuɗin mota da na masauki haƙƙinsa ne, ya karɓa da hannu biyu. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya sa hannu ya zame ya ci abin da ba nasa ba, wanda ya sa wa abokinsa hannu kuwa ya yi shaidar zur, ko da kuɗin na Bature ne, ko da kowa yana yi. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake kiran wannan wayo, har wanda ya zauna daga farko zuwa ƙarshe yana rubutu a littafinsa ya zama abin zolaya, a ce masa malam sarkin karatu. Na ji da kunnena ana auna kyawun ofis da yawan tafiye-tafiyensa, ana cewa wane ya dace an kai shi sashe mai maiƙo, wance kuwa an jefa ta sashen ƙididdiga inda ba komai sai lissafi. Sashen ƙididdigar nan da kuke gudu shi ne inda ake koyon abin da ke sa a nemi mutum bayan shekara goma.

Kada ma a zo batun hotuna. Mutum zai iso taro a makare, ya tsaya gaban kyallen da aka rubuta sunan taron, ya rataya katin shaida a wuya, a ɗauke shi, ya ɗora a Facebook da dogon Turanci a kan ƙudurinsa na ceto al'umma, sannan ya fice. Ƙannensa da ke jami'a suna gani, suna ɗauka cewa aikin raya ƙasa shi ne farar mota mai dogon eriya da kwana a otal. Daga nan ake samun wanda zai sayar da gonar gado ya sayi gurbin aiki, abin da ya yi ƙamarin da sai da kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna bincike a kansa a 2023. Wanda ya shiga aiki da bashi a wuyansa kuwa, idonsa ba zai taɓa sauka daga kan ambulan ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ga masu tunanin wannan rijiya ba ta ƙafewa, ku dubi abin da ya faru kwanan nan. Birtaniya ta rage tallafin da take bayarwa daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasarta a 2021, kuma a farkon 2025 ta sanar da cewa za ta sake rage shi zuwa 0.3. A watan Janairun 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin Amurka ga ƙasashen waje, zuwa tsakiyar shekara hukumar USAID mai raba wannan tallafi ta zama tarihi, kuma matasa da yawa a Maiduguri da Yola da Damaturu suka wayi gari da takardar sallama. Zanen aro ba ya rufe katara. A irin wannan rana, mai ɗaukar aiki zai ajiye maka alƙaluma a gabanka ya ce ka fito masa da ma'anarsu, kuma tarin takardun shaidar halartar bita da ka cika jaka da su ba za su amsa maka ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuna son a ambaci sunanku tare da manya, amma ba ku tambayar ta ina suka bi. Lokacin da Najeriya ta samu yafiyar bashin dala biliyan 18 daga ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris a 2005, a zamanin da Ngozi Okonjo-Iweala ke ministar kuɗi, ɗan Kano Mansur Muhtar ne ke shugabantar Ofishin Kula da Basussuka, kuma aikin da ya kai ga wannan nasara ya haɗa da zaman tantance alƙaluman bashi ɗaya bayan ɗaya, irin aikin da ba a ɗaukar hotonsa. Amina Mohammed, wadda ta zama mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017, ita aka damƙa wa kula da yadda za a karkatar da rarar wannan yafiya zuwa ayyukan lafiya da ilimi da ruwan sha. An kira su teburin shawara ne saboda akwai abin da suka sani wanda ake bukata. Idan tsararku ta ƙare ƙuruciyarta a layin karɓar kuɗin mota, nan da shekara ashirin za a zauna a tsara manufar haraji ko ta noma da za ta shafi Funtuwa da Gusau da Gombe, a waiwaya a rasa wanda zai yi magana da hujja a madadinsu, sannan mu dawo muna kukan an mayar da mu saniyar ware. Ku gyara, ku nemi sanin aikinku, ku ji tsoron Allah a kan amanar da ke hannunku.

Wani lokaci nakan zauna in tuna irin ma'aikatan da yankin nan ya taɓa fitarwa. Sa'ad da Sardauna ya dage a kan sai 'yan Arewa sun karɓi aikin gwamnatinsu da hannunsu, masu digiri ba su taka kara sun karya ba, amma aka riƙa tura samari Kongo a Zariya suna koyon mulki da lissafi da shari'a, kuma daga wannan zamani aka samu irin su Ali Akilu da Liman Ciroma da Ahmed Joda. Jami'i a lokacin idan ya fita rangadi, sai ya dawo da rahoton abin da ya gani a kasuwa da makaranta da ɗakin shan magani, kuma na gaba da shi zai karanta ya yi masa gyara da jan biro. Kunya ce babba a mayar wa mutum da fayil saboda bai fahimci abin da ke ciki ba. Korar dubban ma'aikata da aka yi a 1975 ta cire wa mutane tabbacin cewa gaskiya za ta kai su fansho lafiya, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya cinye darajar albashi, kuma tun daga nan kowa ya fara neman abin da zai kama a gefe.

Saboda haka ba ku kaɗai nake zargi ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma wanda ya koya wa matashin nan sauya biro ba daga wata ƙasa ya zo ba. Mu da muka riga ku shiga aiki mun ga daraktocin da ke cusa sunayen 'ya'yansu da direbobinsu a jerin mahalarta, mun ga ana ɗauke taron da za a iya yi a ɗakin taron ma'aikata a kai shi wata jiha don kawai alawus ɗin kwana ya hau, mun yi shiru saboda mu ma sunanmu yana ciki. A ofisoshi da yawa yau ƙaramin ma'aikaci zai shekara ba wanda ya mayar masa da takarda ya ce ya sake rubutawa, domin shi kansa daraktan yana Abuja wajen wani taron.