Ɓarawon Fili

A shekarata ta uku a arewacin Alaska, can ƙuryar arewacin Amurka mai tsananin sanyi, na gano ana cin mini iyaka. Turakun da na kafa da hannuna a gefen tudu, a miƙe sambal, sai ga layinsu ya lanƙwashe kamar baka, duk sun rusuna sun leƙo cikin filina. Maƙwabcina na sama dattijo ne mai yawan murmushi, ni kuwa tun fil'azal ban cika yarda da mai yawan murmushi ba.

Na ɗaura ɗamarar kama shi dumu-dumu. Kwana huɗu ina gadi ta taga, ga shi lokacin ɗumi ne, rana ba ta faɗuwa balle ɓarawo ya samu duhun fakewa. Ban kama komai ba sai mura.

Rana ta biyar na hau tudu a fusace na zazzage masa kwandon magana. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ɗauko rodi ya soka a ƙasa. Rodi ya lume sumul, bai kai mita ɗaya ba ya tsaya ƙam.

Na ce, "Dutse ne."

Ya ce, "Ƙanƙara ce, ɗana. Ƙasar da ke can ciki shekara da shekaru a daskare take. Ta sama kaɗai ke narkewa, ruwan kuma ba shi da hanyar nutsewa, sai ta jiƙe sharkaf ta riƙa zamewa gangare. Santimita kaɗan ne a shekara, ko gangaren bai wuce digiri 2 ko 3 ba."

Ya nuna mini jikin tudun, ya yi ninki-ninki kamar harsuna a jere. Shekara uku ina kallonsu, na ɗauka ado ne. Har sunan wanda ya raɗa wa abin suna a 1906 ya faɗa mini, wani Andersson ɗan ƙasar Suwidin, sai ka ce shi zan kai ƙara.

Na shiga kame-kamen ban haƙuri, ina sosa ƙeya. Ya ce kar in damu, gara in adana haƙurin, zai yi mini amfani. Ya nuna gangare da baki.

Wata dattijuwa ce ke haurowa, maƙwabciyata ta ƙasa, ranta a ɓace, riƙe da ɗaya daga cikin turakuna.